Shin Debian ta ci amanar 'yanci da ta karɓi famwaya rufaffiya a faifan girkawarta?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce ka sayi kwamfutar cinya ta hannu kana son ka rabu da Windows, an kuma gaya maka cewa Debian, ɗaya daga cikin tsare-tsaren Linux da ake ɗorawa a kwamfuta a madadin Windows, ita ce ta fi kowa riƙo da aƙidar manhaja mai 'yanci, amma da ka bincika sai ka tarar Gidauniyar Manhaja Mai 'Yanci, wato FSF, ba ta sa ta a jerin tsare-tsaren da ta amince da su ba, kuma tun daga siga ta 12 faifan girkawarta yana zuwa da famwaya rufaffiya, wato ƙananan manhajojin sassan kwamfuta da masu su suka ƙi bayyana asalin rubutunsu. Kana tambaya ko wannan cin amana ne, da kuma wanne ya kamata ka ɗora a kwamfutarka. A ganina Debian ba ta ci amana ba, kuma na yi farin ciki da hukuncin da ta yanke a 2022, sai dai waɗanda abin ya yi wa zafi suna da hujja mai nauyi, kuma ba zan yi maka adalci ba idan na ba ka nawa ra'ayin ba tare da na shimfiɗa maka tasu hujjar yadda su kansu za su yarda da ita ba.

Mu Hausawa mun yi sa'a a abu ɗaya a wannan muhawara, domin harshenmu ya raba kyauta da 'yanci, alhali Turanci ya haɗa su a kalma guda, abin da ya daɗe yana rikita mutane. Manhaja mai 'yanci ana iya sayar da ita da kuɗi, manhajar da aka ba ka kyauta kuma tana iya zama a rufe ruf. Abin da Richard Stallman ya tsaya a kai tun da ya sanar da aikin GNU na gina cikakken tsarin kwamfuta mai 'yanci a 1983, ya kuma kafa FSF a 1985, shi ne mai amfani da manhaja ya sami dama huɗu: ya yi aiki da ita don duk abin da yake so, ya karanta asalin rubutunta ya canza shi, ya ba wasu kwafinta, ya kuma raba wa jama'a wadda ya gyara. Asalin rubutun nan shi ne abin da mai ƙirƙirar manhaja ya rubuta da hannunsa kafin a mayar da shi lambobin da na'ura kaɗai ke ganewa. Wanda ya ba ka manhaja ya riƙe rubutun, kamar mai magani ne da ya ba ka ƙulli ya ƙi faɗa maka haɗin. Za ka iya sha, wataƙila ma ka warke, amma ba ka da hanyar sanin abin da ke ciki, ba za ka iya rage abin da ke cutar da kai ba, kuma ranar da ya tashi daga garin sai dai ka haƙura.

Abin da muke kira Linux a bakin yau da kullum haɗi ne na dubban manhajoji a kan kanel ɗin da Linus Torvalds ya fara a 1991, wato zuciyar tsarin da ke magana da sassan kwamfuta kai tsaye. Kowace ƙungiya da ta tattara waɗannan manhajoji ta fitar da tsari cikakke dole ta yanke shawarar abin da za ta shigar da abin da za ta bari a waje, kuma a nan gardamar take. Ian Murdock ya kafa Debian a watan Agustan 1993, FSF da kanta ma ta tallafa wa aikin a shekarunsa na farko. A 1997, ƙarƙashin jagorancin Bruce Perens, 'yan Debian suka rubuta wa al'umma alkawari mai sassa biyar. Sashe na farko ya ce Debian za ta ci gaba da zama mai 'yanci ɗari bisa ɗari. Sashe na huɗu ya ce abin da suka fifita abu biyu ne, masu amfani da tsarin da kuma manhaja mai 'yanci. Sashe na biyar ya amince cewa wasu masu amfani suna buƙatar abubuwan da ba su cika sharuɗɗa ba, don haka aka ware musu rumbuna biyu, contrib da non-free, waɗanda suke zaune a kan kwamfutocin Debian amma a hukumance ba a ƙirga su cikin Debian, domin Debian ta ainihi ita ce rumbun da ake kira main. Idan ka duba da kyau za ka ga irin rigimar gaba ɗaya an shuka shi a cikin wannan takarda, tunda ta ɗauki alkawari biyu ba ta faɗi wanne zai yi gaba ba ranar da suka yi karo.

Kafin ka yanke wa kowa hukunci, sai ka raba abubuwa uku da mutane ke cakuɗawa. Akwai manhajar aiki rufaffiya, irin su Chrome ko Zoom, wadda kai ne ka zaɓi ka saka ta kuma galibi akwai madadinta. Akwai direba rufaffe, wato manhajar da ke haɗa tsarin da wani sashe na kwamfuta, irin wanda kamfanin Nvidia ta daɗe tana bayarwa don katinta na hoto, wanda yake shiga cikin kanel ɗin kansa ya yi aiki da cikakken iko a kan duk abin da ke ƙwaƙwalwar kwamfutarka, kuma idan ya lalace masu kula da Linux ba su da yadda za su gyara shi. Sai na uku, famwaya, kuma a kanta ce aka yi ƙuri'ar da ta kai ga hukuncin 2022. Debian har yau ba ta saka maka na farko da na biyu da kanta.

Famwaya ƙaramar manhaja ce da ke aiki a cikin wani sashe na kwamfuta, a kan ɗan ƙaramin furosesa na sashen kansa. Katin Wi-Fi yana da tasa, haka katin hoto, da faifan ajiya, da batir, har da kibod. A da, kamfani yakan ƙone wannan manhaja a cikin wata ƙwayar ajiya da ke manne da katin, ta zauna can har abada, ba wanda ya san da ita. Daga baya kamfanoni suka ga cewa cire wannan ƙwaya yana rage musu kuɗin ƙira, kuma yana ba su damar gyara kuskure bayan kaya sun shiga kasuwa, sai suka koma ba da famwayar a matsayin fayil, wanda tsarin kwamfuta zai miƙa wa katin duk lokacin da aka kunna ta. Wannan sauyi ne ya jefa masu haɗa tsare-tsaren Linux cikin matsala, domin abin da a da yake ɓoye a cikin ƙarfe yanzu ya zama fayil da dole su ɗauka da hannunsu su raba, ko kuma su bar katin ya zauna kamar gawa. Kamfanonin Wi-Fi sukan kafa hujja da dokokin hukumomin sadarwa, waɗanda suka ƙayyade zangon da na'ura za ta yi aiki a kai da ƙarfin da za ta fitar, su ce idan suka saki rubutun kowa zai iya karya waɗannan iyakoki. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma ba ta gamsar da ni gaba ɗaya ba, tunda akwai kamfanin da ya saki tasa kuma sama ba ta faɗo ba.

Debian ta yi kusan shekara ashirin tana kokawa da wannan batu. A 2004 an yi ƙuri'a a kan a rufe rumbun non-free baki ɗaya, masu son a bar shi suka yi rinjaye. A wannan shekarar kuma aka gyara lafazin alkawarin yadda sharaɗin 'yanci ya hau kan komai da ke cikin tsarin, har da takardun bayani da famwaya, sai aka ga cewa bin sabon lafazin nan take zai jinkirta fitowar sigar sarge, aka sake ƙuri'a aka ɗage aiki da shi, sarge ta fito a 2005. An sake irin wannan ɗagewa a 2006 saboda sigar etch, aka kuma sake a ƙarshen 2008 saboda sigar lenny, kowane karo da zafafan maganganu. Sai a watan Fabrairun 2011, da fitowar Debian 6 mai suna squeeze, aka cimma burin: kanel ɗin Debian ya fito ba tare da rufaffiyar famwaya ko ɗaya ba, duk an kwashe su an kai non-free. Wannan aiki ne babba kuma na gaskiya, waɗanda suka yi shi sun cancanci yabo. Amma ya haifar da wani yanayi da na sha gani da idona.

Akwai ranar da wani yaro ya kawo mini HP EliteBook ta hannu, irin waɗanda suka cika shagunan kwamfuta a garuruwanmu, yana ɗokin ganin Debian a kanta. Muka sa filashi, aka fara girkawa lafiya, sai da muka zo wajen haɗa intanet allon ya tsaya ya ce wani sashe na kwamfutar yana buƙatar famwaya mara 'yanci, ya rubuta sunan fayil ɗin, iwlwifi-7260-17.ucode, ya ce idan muna da shi a wani filashin mu sa. Yaron ya dube ni ya ce, "Yaya, to ina za mu samo shi tunda intanet ɗin ce ba ta aiki?" Tsarin ya ɗauka muna da wayar intanet a bango da za mu jona, kamar yadda ake samu a ofisoshi da gidajen Turai, mu kuwa intanet ɗinmu hotsifot ne na wayar hannu, kuma ba ya isowa sai ta Wi-Fi ɗin da ya ƙi tashi. Ranar mun tsira ne da na jona wayata da kebul na caji na kunna rabon intanet ta USB. Da shi kaɗai ne a ɗakinsa, na tabbata da Windows zai koma a daren, kuma da ya tafi da labarin cewa Linux ba ta aiki. Abin da ya fi damuna shi ne, a duk waɗannan shekaru akwai wani faifan girkawa mai ɗauke da famwayar, 'yan Debian ɗin ne da kansu suke haɗa shi, yana zaune a kan kwamfutocinsu, amma an lakafta masa cewa ba na hukuma ba ne, an kuma ajiye shi a lungun da sabon shiga ba zai gano ba. Duk wanda ya san harkar shi yake saukewa, shi yake ba abokansa, yayin da shafin farko yake miƙa wa baƙo faifan da ba zai yi masa aiki ba.

Wannan ne ya sa Steve McIntyre, wanda ya taɓa shugabantar Debian kuma ya daɗe yana jagorantar masu haɗa faifan girkawa, ya tayar da maganar a fili a watan Afrilun 2022. Cikin hujjojin da aka kawo akwai wadda ta taɓa ni ƙwarai, wato halin makafi. Debian tana da hanyar girkawa da murya, inda kwamfuta ke karanta wa mutum abin da ke allo, amma sababbin kwamfutocin cinya da yawa ba sa fitar da sauti sai an loda musu famwaya, saboda haka makaho ba ya iya ko fara girkawar shi kaɗai. Aka kai maganar ga ƙuri'ar masu haɓaka Debian da zaɓi shida, tun daga wanda ya ce faifai mai famwaya ba ya cikin Debian sam, har zuwa wanda ya ce a mayar da shi faifai ɗaya tilo. A farkon Oktoban 2022 sakamako ya fito: zaɓin da ya yi nasara shi ne a gyara alkawarin kansa, sannan a fitar da faifai guda mai ɗauke da famwaya. Gyara irin wannan takarda a Debian yana buƙatar rinjayen uku bisa ɗaya, kuma an samu. Aka ƙara jimla ɗaya a sashe na biyar, mai cewa faifan hukuma yana iya ɗaukar famwayar da ba ta cikin tsarin Debian domin a iya amfani da shi a kan na'urorin da ke buƙatarta. Aka kuma ware sabon rumbu, non-free-firmware, domin wanda ke son Wi-Fi ɗinsa ya tashi kada a tilasta masa buɗe ƙofar duk sauran rufaffun manhajoji. Debian 12, bookworm, ta fito da wannan tsari ranar 10 ga Yunin 2023. Abin da ya sa na ƙi kiran wannan cin amana shi ne yadda aka yi shi. Mai cin amana yakan bar alkawari a rubuce ya saɓa shi a ɓoye. Su kuwa sun zo gaban jama'a sun ce abin da muka rubuta da abin da muke aikatawa sun rabu, suka yi muhawara watanni, suka canza rubutun da ƙuri'a.

Yanzu ga hujjar ɗaya ɓangaren. Ƙa'idojin FSF sun ce tsari mai 'yanci bai kamata ya ɗauki rufaffiyar manhaja ba, bai kamata ya ajiye mata rumbu ba, bai kuma kamata ya nuna wa mutum hanyar samunta ba. Saboda haka tun kafin 2022 ba ta amince da Debian ba, dalilin rumbun non-free. Waɗanda ta amince da su sun haɗa da Trisquel, wanda ya samo asali daga yankin Galisiya na ƙasar Sifaniya kuma aka gina shi a kan tsarin Linux na Ubuntu, da Parabola da aka gina a kan tsarin Arch, da PureOS, da Guix. Yawancinsu suna amfani da Linux-libre, kanel ɗin da Alexandre Oliva na Burazil yake kula da shi tun 2008, wanda aka tsame masa duk rufaffun abubuwa. Tunaninsu shi ne, muddin masu haɗa tsare-tsare suna ɗauke wa kamfani wahalar rufaffiyar famwayarsa, kamfanin ba shi da dalilin sakinta, domin kayansa suna aiki ko'ina ba tare da ya ba da komai ba. Wahalar da yaron nan ya sha, a wurinsu, ita ce darasin: ranar ce ya san akwai wani abu a kwamfutarsa da ba shi ke da iko da shi ba, kuma in ya tashi sayen wata zai tambaya. Tarihi ma ya ba su wasu shaidu. Lokacin da KDE, manhajar da ke zana tagogi da maɓallan da kake gani a allo, ta dogara da wata manhaja mai suna Qt, wadda lasisinta bai cika sharaɗi ba, ƙin amincewar masu tsauri ne ya haifar da kishiyarta GNOME a 1997, Debian ta ƙi ɗaukar KDE, daga ƙarshe a 2000 aka saki Qt ƙarƙashin GPL, lasisin manhaja mai 'yanci na GNU. A 2013 kuma Qualcomm Atheros ta saki rubutun famwayar wasu na'urorinta na Wi-Fi masu shiga ta USB. Da kowa ya ce a yi haƙuri a karɓi abin da aka samu, da wuya a kai ga waɗannan. Ina girmama mutanen nan, kuma ina ganin duk mai amfani da Linux yana cin albarkacin taurin kansu ko bai sani ba.

Inda na rabu da su wuri biyu ne. Na farko shi ne iyakar da suka shata. A ƙa'idar FSF ta tantance na'urori, idan rufaffiyar famwaya tana ƙone a cikin ƙarfe, ba a tsara za a canza ta ba, ana ɗaukar ta tamkar wani ɓangare na ƙarfen, babu laifi. Idan kuwa ita ɗin ce dai, harafi da harafi, aka ba da ita a fayil, ta zama abin ƙi. Na fahimci dalilinsu, wato abin da kamfani ke iya canzawa kai ba ka iyawa ya ba shi iko a kanka. Amma sakamakon a aikace ya juye, domin famwayar da ke fayil ita ce ake iya gani, a auna ta, a tona yadda take aiki, wata rana ma a rubuta mai 'yanci a maye gurbinta, wadda aka binne a ƙarfe kuwa ta fi ƙarfin kowa. Kwamfutar da ke ɗauke da Trisquel tana nan cike da rufaffiyar famwaya a faifan ajiyarta da BIOS ɗinta, wato manhajar da ke fara tayar da kwamfuta idan an kunna ta, kuma idan ta Intel ce ta shekarun nan akwai Management Engine, wani furosesa na daban da ke aiki da rufaffiyar manhaja tun kafin tsarinka ya farka. Mai ita bai kuɓuta daga waɗannan ba, an dai daina nuna masa su.

Na biyu ya fi tsanani, domin ya shafi tsaro. Kowane furosesa na Intel ko AMD yana fitowa daga masana'anta da wata manhaja a cikinsa, maikurokod, kuma rufaffiya ce. A watan Janairun 2018 aka bayyana raunin Spectre da Meltdown, kuma toshe wani ɓangare na Spectre ya buƙaci sabon maikurokod, wanda ake loda wa furosesa duk lokacin kunnawa. Linux-libre ba ya loda shi. Wanda ya bi wannan hanya bai rabu da rufaffen maikurokod ba, yana nan yana aiki da tsohon, mai raunin da duniya ta riga ta sani, sai fa in BIOS ɗinsa ya kawo sabon. Haka kuma idan wani kati ya nemi famwayarsa, Linux-libre yana goge sunan fayil ɗin daga saƙon da zai nuna maka, domin kada ya zama ya nuna maka hanya. Wannan ne abin da zuciyata ta kasa karɓa. Ina ganin mutum yana da haƙƙin a gaya masa abin da kwamfutarsa ta rasa, da sunansa, da haɗarin karɓarsa da na barinsa, sannan a bar shi ya zaɓa. Ba ni kaɗai ke ganin haka ba, domin aikin Libreboot, wanda aka kafa don maye gurbin BIOS da manhaja mai 'yanci kuma ya yi shekaru a kan tsarin FSF, ya sauya manufa a ƙarshen 2022 ya koma rage rufaffun abubuwa iya yadda za a iya a kan kowace na'ura, har da karɓar gyaran maikurokod.

Yana da kyau ka san cewa kowace ƙungiya da inda ta ja nata layin, kuma ba a jere suke daga mai tsarki zuwa mai sakaci ba. Fedora, wani tsarin Linux, ba ta ɗaukar rufaffiyar manhaja ko direba a rumbunta, amma tun da daɗewa ta keɓe famwaya ta ce ita ta halatta. Ubuntu tana da rumbunan restricted da multiverse, tana kuma tayin saka maka direban Nvidia tun wajen girkawa. OpenBSD, wani tsari mai 'yanci da ba Linux ba, ta fi kowa ƙyamar rufaffen direba a cikin kanel, amma tana sauke famwaya da wani umarni nata, kuma Stallman ya ƙi ba da shawarar amfani da ita saboda tana ɗauke da hanyoyin saka wasu rufaffun manhajoji. Ita kanta Debian ta yanke a 2006 cewa takardun bayani masu sassan da aka hana canzawa ba su cika sharaɗinta na 'yanci ba, shi ya sa wasu littattafan GNU na FSF suke zaune a non-free. Mutane ne masu gaskiya da suka yarda da manufa ɗaya suka saɓa a kan ma'auninta.

Duk da goyon bayana ga hukuncin 2022, akwai abin da ke hana ni sakin jiki. Da ina da ƙuri'a, da na zaɓi a gyara alkawarin amma a ci gaba da fitar da faifai biyu, domin faifan da ba shi da rufaffen abu ko ɗaya shi ne hanya mafi sauƙi ta gwada kwamfuta a gane ko tana aiki da manhaja mai 'yanci zalla, kuma kasancewarsa tana tunatar da kowa cewa aikin bai ƙare ba. Sannan ita famwaya ba ta tsaya ƙarama ba. A watan Mayun 2022 Nvidia ta saki rubutun direbanta na kanel don sababbin katunanta, aka yi murna, amma ta iya yin haka ne bayan ta kwashe babban ɓangaren aikin ta mayar cikin famwayar wani furosesa da ke kan katin, fayil mai gomman megabayit. Idan aka ce duk abin da aka kira famwaya ya wuce, to kamfani ya sami hanyar tura duk abin da yake son ɓoyewa zuwa can. Ga kuma batun sa hannu: na'urori da yawa yanzu ba sa karɓar famwaya sai mai ɗauke da hatimin kamfanin, yadda ko an ba ka rubutun ka gyara, na'urar za ta ƙi naka. Famwayar sauti ta Intel misali ce, rubutunta a buɗe yake, amma a yawancin kwamfutoci sai wadda Intel ta sa wa hannu ce ke tashi. A nan gargaɗin FSF yana nan da ƙarfinsa, kuma ina tsoron sauƙin da aka samu ya sa ƙarni mai tasowa ya daina tambaya.

Game da kwamfutarka, shawarata ita ce ka ɗora Debian, tsayayyiyar sigarta ta yanzu, wadda ake kira stable. Manhajar girkawa za ta duba sassan kwamfutar ta saka famwayar da suke buƙata kaɗai, kuma bayan an gama za ka sami bayanin abin da ta saka a fayil ɗin firmware-summary da ke cikin /var/log/installer, ka buɗe shi ka karanta domin ka san abin da kake ɗauke da shi. Ka bar non-free-firmware a buɗe saboda gyaran maikurokod ya riƙa iso maka, amma kada ka ƙara non-free sai ranar da wata buƙata takamaimai ta kama ka kuma ka nemi madadi ka rasa. Idan kana son ka gwada kwamfutar a kan ma'auni mai tsauri, kana iya rubuta firmware=never a layin farawa na faifan girkawa, ko ka tayar da Trisquel daga filashi ba tare da ka girka shi ba, duk abin da ya ƙi aiki ka san shi ne rufaffen. Galibi Wi-Fi ne da Bluetooth, da katin hoto idan na AMD ne ko Nvidia. Idan Wi-Fi ne kaɗai kuma kana son ka rabu da shi, tsofaffin katunan Atheros da ke aiki da direban ath9k ba sa buƙatar a loda musu komai, sai dai ka yi hattara, domin wasu ThinkPad da HP na wancan zamani BIOS ɗinsu yana ƙin duk katin da ba ya cikin jerin kamfanin, ThinkPad ma takan tsaya da kuskure mai lamba 1802 ta ƙi tashi. Mafi sauƙi shi ne ɗan Wi-Fi na USB mai ƙwayar AR9271, wanda famwayarsa mai 'yanci ce, ko da yake gudunsa bai kai na sababbi ba. Idan za ka saya ka duba lambar siga a jikin kwalin, domin TP-Link TL-WN722N siga ta farko ce kaɗai ke da wannan ƙwaya, waɗanda suka biyo baya an canza musu zuwa Realtek duk da sunan bai canza ba.